Riguna Arba'in na Tsibirin Kazamori

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da awo ba, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya rarraba harsunan mutane ya bar musu kuka iri ɗaya. Ku matso kusa, ya ku mazauna wannan inuwa, ku karkaɗe kunnuwanku. Ni ne Tunau ɗan Nomau, marini jikan marina, mutumin Gangaren Kuka. Abin da zan faɗa muku ban tsince shi a bakin fatake ba. Ido ne ya gani, ƙafa ta taka.

Shekarar da matata Lantana ta rasu, ba ɗa ba jika, gida ya yi mini faɗi. Na koma wuni a karofi, ina juya muciya ko da babu abin rini, don dai kada in koma in tarar da murhu a sanyaye. Ana nan wata rana wani falke ya sauka a garinmu da ɗan ƙyalle wanda bai wuce tafin hannu ba. Shuɗinsa ya fi na turkuɗinmu zurfi, ka ce ka leƙa tsohuwar rijiya. Na goga shi a fatata, bai bar alama ba. Na wanke shi har sau bakwai, ruwan ya fito fari tas.

Na ce, "Malam falke, ina aka rina wannan?"

Ya ce, "Inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara, in ruwan ma ya kusa ƙarewa, akwai wasu tsibirai a bakin mafitar rana. Ni ma hannu bakwai ya bi kafin ya zo nawa."

Kafin sati ya zagayo na toshe rijiyoyin marinata, na ba maƙwabci akuyata, na sa gabas a gaba.

Shekara uku ina tafiya. Duk garin da na sauka sai in nemi marinarsu in yi ƙodago, in sami guzuri, in ƙara gaba, saboda haka hannuwana ba su taɓa rabuwa da shuni ba, daga farce har gwiwar hannu. A teku ta huɗu 'yan fashin ruwa suka tare jirginmu da hantsi. Suka jera mu a rana suna duba haƙoranmu kamar masu sayen jakai. Da na ga layi ya kusa zuwa kaina, sai na zura hannu a aljihu inda nake ajiye ɗan curin shuni, na jiƙa shi da gumi, na soma tari ina karkarwa. Babbansu ya iso, na faɗi na kama wuyan hannunsa kamar mai roƙo. Da ya fizge, sai ga sawun yatsuna biyar, shuɗaye, a fatarsa.

Akwai wani matuƙi da ke jin harshensu. Na ce masa, "Gaya masa ciwo ne. Daga farce yake farawa. Ranar da ya kai wa ƙanena kafaɗa ranar muka binne shi."

Babban ya yi ta goga hannu da ruwan gishiri, shuni kuwa sai ƙara bazuwa yake. Ya zare takobi. Na ce, "Gaya masa a jini ciwon yake zaune. In ɗigo ɗaya ya taɓa katakon jirgin nan, ba mai sauka da rai. Amma in mai ciwon ya yi nisa, wanda ya shafa yakan warke cikin kwana uku." Wannan na ƙarshen kam gaskiya na faɗa. Da sanduna suka tura ni cikin wani ƙaramin kwale-kwale, suka jefo mini goran ruwa da busasshen kifi. Na tsira, amma mutum goma sha tara da muka ci tuwo tare na bar su a ɗaure, kuma har yau ban san inda aka kai su ba.

Kwana tara ruwa yana yawo da ni. A rana ta biyar wani kifi mai girman tudu ya taso gefena, yana huci ta ƙoƙon kansa, ruwa na tashi sama kamar bishiya. Da fari na yi ta salati. Da na ga bai nufe ni da sharri ba, sai na soma yi masa hira. Na ba shi labarin Lantana, da yadda take ƙona miya in ta yi fushi. Kwana biyu yana biye da ni. Da ya nutse bai sake tasowa ba, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza.

A safiya ta tara hazo ya yaye, sai ga wata ƙofa ja wur tsaye a tsakiyar ruwa. Ginshiƙai biyu, da gungume biyu a gicciye a sama. Ba bango, ba ɗaki, ba ƙyaure. Ruwa ya bi da ni ta ƙarƙashinta ya ajiye ni a kan yashi. Wannan shi ne tsibirin Kazamori.

Na hau gari. Gidaje sun fi ɗari biyu, na katako da takarda, a jere har gindin dutse, amma hayaƙi bakwai kaɗai na ƙirga. Bareyi na yawo a kan hanya ba mai korar su, ɗaya ma ta tsaya gabana ta sunkuyar da kai kamar mai gaisuwa. Na yi sallama a ƙofa ta fi ashirin, ba amsa. Can hancina ya jiyo abin da ya sani, wato tsamin rijiyar rini da ta nuna. Na bi warin har wata rumfa, na tarar da wata tsohuwa 'yar ƙarama, bayanta a tanƙware, tana duba wata randa da aka binne a ƙasa har wuya. Ta ɗago ta gan ni, baƙin mutum dogo irin wanda ba ta taɓa gani ba. Ba ta yi ihu ba. Hannuwana ta kalla. Sa'an nan ta ɗaga nata. Launin hannuwanmu ɗaya. Ta miƙo mini muciya, ta koma gefe ta zauna.

Sunanta Sayo, ni kuwa Iya nake ce mata. A wurinta na koyi harshensu, kalma bayan kalma, kuma a wurinta na sami abin da ya fito da ni. Ganyen baba, wanda ake yin shuni da shi, sukan tara shi su yi ta yayyafa masa ruwa suna juyawa kwana ɗari, har ya koma kamar baƙar ƙasa. Randa kuma ciyar da ita ake yi da dusar alkama, a rufa mata bargo in sanyi ya yi, kowace safiya Iya ta ɗanɗana ruwan da harshe ta san ko tana jin yunwa. Mu nan mukan tsoma zane mu bar shi ya sha. Ita sai ta tsoma ta fitar, ta shanya a iska, ta sake tsomawa, har sau arba'in. Takan ce, "Ruwa aro yake bayarwa, iska ce mai kyauta."

Da dusar ƙanƙara ta narke, sai ta fito da gajerun riguna arba'in na farin sawaye ta ce mu rina. Na ce, "Iya, duk tsibirin nan ku goma sha huɗu ne, ƙaraminku ya ba sittin baya. Wa zai sa arba'in?"

Ta ce, "Masu ɗauka."

A kan dutsen, in ji ta, akwai ɗakin bautarsu, inda suke cewa mai tsaron tsibirin yana zaune, abin da suke kira kami. Sau ɗaya a shekara, ranar da itatuwa suka cika fure, sai a sa shi a wani ƙaramin ɗaki mai rufin zinariya da ke kan gungume biyu, sunansa mikoshi. Maza arba'in su saɓa a kafaɗa, a sauko da shi cikin jerin gwano har jar ƙofar nan ta teku, a yayyafa masa ruwan gishiri, a mayar da shi kafin rana ta faɗi. 'Ya'yansu kuwa, rabi wata babbar igiyar ruwa ta cinye su rana ɗaya suna kamun kifi, sauran suka tafi babbar ƙasa neman abinci, ba su dawo ba. Shekara takwas ke nan mazan wani tsibiri na kusa ke zuwa su ara musu kafaɗa.

Saura kwana goma biki, wani masunci ya kawo labari cewa sarkin babbar ƙasa ya kwashe mazan wancan tsibirin kaf, sun tafi gina masa ganuwa. Ba mai zuwa bana.

Akwai wani tsoho, Rokube, wanda ya yi shekara hamsin yana shugabantar masu ɗauka. A kowace kafaɗarsa akwai kanta kamar tozon sa, kuma da ita yake alfahari. Ya tara mazan da ke iya tsayuwa, su shida, suka shiga ƙarƙashin gungumen, suka yi nishi har jijiyoyin wuyansu suka fito. Ko yatsa ba za ka zura tsakanin mikoshi da ƙasa ba. Rokube ya juyo gare ni yana haki.

Ya ce, "Kai, baƙo, ƙarfinka ya yi na mutum huɗu. Za mu sa itace a ƙarƙashi mu gangara da shi, kai ka sa kafaɗa ka tare."

Na durƙusa yadda suke yi, na ce, "Baba, na ci shinkafarku, na ji ɗumin wutarku. Ku ce in share hanyar nan daga dutse har teku, zan share. Ku ce in fasa dutse, zan fasa. Amma ni Ubangiji ɗaya nake bauta wa, kuma ba ya halatta gare ni in sa kafaɗata ƙarƙashin abin bautar wani. Ba raini ba ne."

Rokube ya ce, "Teku ta kawo mana baki, ba ta kawo mana kafaɗa ba." Ya juya mini baya, sauran suka bi shi.

Ban taɓa sanin kaɗaici ba sai a kwanakin nan. Na kwale-kwale wasa ne, don can babu wanda zai gan ka ya kau da kai. Iya ba ta fasa ajiye mini kwanon shinkafa ba, amma ba ta ce mini ci kanka ba har kwana uku.

A rana ta huɗu aka ce Mosuke yana kirana. Shi ne mai kiran hanya. Tsakanin dutse da teku akwai matsaya talatin da uku, kowace da sunanta, kuma jerin gwano ba ya wuce ɗaya sai mai kira ya buga sandarsa mai zobba ya ambaci sunan da ƙarfi. Ba a rubuta sunayen, daga baki suke zuwa baki. Tun sanyin da ya wuce ƙafafun Mosuke suka mutu, yana zaune a barandar ɗakin bauta kamar tsumma.

Ya ce, "Zauna, ɗan nesa. Ban kira ka don in roƙe ka ba. Mutumin da ke da abin da ba zai yi ba, ana iya ba shi ajiya. So nake in yi magana, su kuwa duk sun san abin da zan ce."

Ya nuna mini bangon baranda. An rataye 'yan alluna sirara, jeri bisa jeri har rufi. Kowace shekara allo ɗaya, da sunayen waɗanda suka ɗauka. Dubu da ɗari da shida. Na can sama sun ruɓe, ba mai iya karanta su. Ya ce a zamanin farko annoba ta sauka a tsibirin, har masu binnewa suka rasa mai binne su. Sai aka sauko da kami zuwa teku aka wanke shi, annoba ta ɗauke. Tun daga nan ba a taɓa fashi ba, ko shekarar yaƙi, ko shekarar da dutsen ya yi aman wuta. Ya faɗa mini tsarin tafiyar: mai watsa gishiri a gaba don tsarkake hanya, sai mai jar fuskar katako mai dogon hanci, sai masu rassan itace da aka ɗaura wa farar takarda, sai sarewa da ganga, sa'an nan mikoshi, ana jijjiga shi don na ciki ya ji daɗi. Ba a leƙensa daga bene. Masu ɗauka ba sa cin nama kwana bakwai.

Ya ce, "A hannuna al'adar nan za ta yanke. Wannan ne kawai ke hana ni mutuwa, kunya."

A bayansa akwai wata tuta a rataye, baƙa ƙirin, wadda ya ce ita ce mafi tsufa a ɗakin. Hayaƙin fitila da turare na ɗaruruwan shekaru ya rufe ta. Idon marini ba ya wuce zane. Na roƙi izini na shafa ta, sai na ji wani wuri santsi, wani wuri kaushi. Iya ta koya mini yadda suke zane da ƙullun shinkafa a kan yadi kafin rini, inda ƙullun ya taɓa ya fito fari. Na ce, "Baba, wannan ba baƙa ba ce. Shuɗiya ce, kuma akwai hoto a ƙarƙashin dauɗar nan. Ku bar ni in wanke."

Magana ta kai kunnen Rokube, ya hau dutse yana dogara sanda. Ya ce, "Kakan kakana bai taɓa ta da ruwa ba. In ta yage a hannunka, za mu mayar da kai kwale-kwalenka ba tare da gora ba."

Iya ce ta buɗe baki, karo na farko cikin kwana huɗu. Ta ce, "Na ga yadda yake riƙe zane. A ba shi."

Na shimfiɗa tutar a kan faifan gora cikin wani rafi mai sanyi. Ban cuɗa ba, ban matse ba. Ruwan toka mai rauni nake ɗiga mata, ina dannawa da tafin hannu, rafi na tafiya da baƙin. Su goma sha uku suna tsaye a kaina tun hantsi, Mosuke kaɗai aka bari a baranda. Wani gefe ya buɗe kamar tsawon yatsa, na ɗauke hannu, sa'an nan na ci gaba a hankali. Da rana ta karkata shuɗi ya fito, cikinsa kuma farin zane. Ga dutse, ga jar ƙofa a fara, ga layi mai lanƙwasa tsakaninsu da ɗigo talatin da uku. A kan layin mace ce guda ɗaya tak, da ɗan ƙunshi a bayanta, barewa na bin ta. Ba mikoshi, ba masu ɗauka.

Muka kai wa Mosuke. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Sunan matsaya ta farko Inda Ta Gyara Goyo. Shekara sittin ina kiransa, ban taɓa tambayar wace ce ba."

Ashe abin da ke cikin mikoshi, in ji Mosuke, wani ɗan madubi ne na tagulla, wanda bai fi faifai ba. Shekarar annoba babu maza arba'in, babu ko huɗu. Mace ɗaya ce ta rage da ƙafafunta, ta goya shi ta sauka. Zinariya da gungume daga baya suka zo, da gari ya cika. Rokube ya shafa kantar kafaɗarsa, ya zauna a ƙasa.

Aka yanke Iya za ta goya. Sai wata tsohuwa ta ce, "To, mai kira fa? Ba ya tafiya."

Na ce, "Mutum kam ina iya goyawa. Ba a hana ni ɗaukar tsoho ba."

Rigunan nan arba'in, Iya ta ƙi a mayar da su akwati. Ta sa na sare gora, na kakkafa a gefen hanya daga dutse har bakin ruwa, na zura wa kowace riga sanda a hannuwa. Tana bi tana faɗin sunan mai ita. Biyu na kusa da yashi na 'ya'yanta ne.

Ranar biki suka yi wanka da ruwan rafi, tsofaffi suna karkarwa kamar kaji. Na ɗaure Mosuke a bayana da majanyi, bai fi nauyin damin gero ba. Rokube ya shige gaba yana watsa gishiri. Mai jar fuska yana tafe yana tsayawa yana tari a cikin fuskar. Mai sarewa ba ta da haƙori, iska ta fi sauti yawa. Iya na tsakiya da ƙunshinta cikin yadin da na rina, ban ga abin da ke ciki ba, ban kuma nemi gani ba. Iskar teku ta shiga rigunan nan ta kumbura su, suka yi ta ɗaga hannuwa a gefenmu. A kowace matsaya Mosuke ya buga sanda daidai kunnena, ya kira suna da muryar da ban san yana da ita ba, su kuma su amsa da kirarin masu ɗauka, "Washoi! Washoi!" Dutse ya dawo musu da shi, sai ka ce da sauran mutane a gari.

Amma tafiyar tsofaffi tafiyar hawainiya ce. Jar ƙofa ba a isa gindinta da ƙafa sai teku ta janye, mu kuwa mun iso har ta soma juyowa. Rokube ya dubi ruwa ya ce, "Mosuke, kira ta ƙarshe daga nan. Ba wanda zai zarge ka."

Mosuke ya ce, "Ta talatin da uku da hannu a jikin ginshiƙi ake kiranta." Ya sunkuyo kunnena. "Ɗan nesa, ƙafafun naka ne. In ka ce a'a, a'a ce."

Na dubi Iya, na ga har ta tattare zane ta taka yashi. Na bi ta.

Taku ɗari huɗu ne. Muka isa ruwa na lasar idon sawu. Mosuke ya dafa ginshiƙi ya kira, Iya ta ɗebi ruwa da tafi ta yayyafa ta kan kafaɗarta sau uku. Da muka juyo, yashin da muka tako babu shi. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya, yana ja ta ƙasa kamar mai fizgar tabarma. Ni ya kai mini ƙugu, Iya ya kai mata ƙirji. Wata igiya ta zo ta ɗauke ƙafafunta. Na cafko ta da hannu ɗaya na rungume. A wannan sa'a ban tambayi kaina abin da ke bayanta ba. Tsohuwa na gani za ta nutse.

Da mutum biyu a jikina na kasa ɗaga ƙafa. Na kafe, na buɗe murya: "Rigunan! Ku ƙulla rigunan hannu da hannu!" Na san yadin da ya shiga randa sau arba'in ba ya yagewa. Na hango tsofaffi suna tuge gora, suna ƙulla rigunan. Rokube ya ɗaura dutse a ƙarshen rigunan, ya shigo ruwa har wuya, ya wurgo. Na farko ya faɗi nesa. Na biyu Mosuke ya tare da sandarsa, ya naɗe mini a ƙirji. Sai na ji Rokube ya yi wata tsawa, tsohuwar tsawarsa ta shugaban masu ɗauka, maza da mata suka kama, suna ja suna "Washoi!" Haka suka jawo mu kamar taru, muka zube a kan yashi muna aman ruwan gishiri. Iya ta laluba bayanta, ta ji ƙunshi na nan, sai ta fashe da dariya. Ban taɓa jin dariyarta ba sai ran nan.

Muka mayar da madubin kan dutse rana na taɓa ruwa. Rokube da kansa ya fere allo na dubu da ɗari da bakwai. Ya rubuta sunan Sayo, ya tsaya, ya tambaye ni yadda ake faɗin nawa daidai, don shekara guda baƙo yake ce mini. Aka karanta mini abin da ya rubuta: Mai kira, Mosuke. Ƙafafunsa, Tunau.

Mosuke bai sake ganin furen itatuwa ba. Kafin ya cika, ya gwada ba sauran sunayen, amma kawunansu sun zama kwando, a zuba da safe a nema da yamma. Sai ya ba ni. Biki biyu na ƙara yi a Kazamori, ina tafe bayan Iya ina raɗa mata suna, ita tana kira. Daga goma sha huɗu suka koma tara, daga tara suka koma huɗu. A sanyi na uku na tarar da Iya zaune a bakin randarta, ta rufa wa randar bargo, ita ba ta rufa ba, rai ya yi halinsa. Da bazara jirgi ya zo daga babbar ƙasa ya kwashi waɗanda suka rage. Rokube ya hau dutse shi kaɗai, ya ja ƙyauren ɗakin bauta, ya sauko. A cikin jirgi ya zauna yana fuskantar baya har tsibirin ya ɓace.

Yau shekara ashirin da dawowata. Rinin da na koyo kun gan shi a jikin matanku, wannan ba zai ɓata ba. Sunayen nan ne ke damuna. Duk faɗin duniya ni kaɗai na san su, a garin da ba wanda ya taɓa ganin teku, ga shi bara na wayi gari na nemi na goma sha tara na rasa, sai da azahar ya dawo. Ba addu'a ba ce, ba tsafi ba, sunayen wurare ne da wata mata ta tsaya ta huta. Na ƙirga ku tun ɗazu, kun kai talatin da ɗoriya. Kowa ya riƙe mini ɗaya. Kai mai farar hula, naka Rijiyar Barewa. Kai na kusa da shi, Dutsen da Ya Ji Tari. Ke mai tallan fura, tsaya, naki Inuwar Gora Bakwai.

Malam, kada ka tashi tukuna. Naka gajere ne.